Kambun Ilu na Falanko

Jiya a motar Belbeji zuwa Tanut, samari suka cika mana kunne da gardama: tsakanin ƴan kokowar da da na yanzu, su wa suka fi?

Wani dogo ya bugi cinya ya ce, "Ku daina kawo mani na talabijin. Kakana Ilu na Falanko, har ya koma ga Allah ba a taɓa kai shi ƙasa ba."

Shekaru kaɗan bayan samun ƴancin kai, an gama girbin gero, ni na kayar da Ilu a dandalin Ollelewa. Ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya kwance kambun damtsensa, layar da yake shiga fili da ita, ya ɗaura mani da hannunsa a gaban makaɗa.

Na ce, "Jikana, ina kambun nasa yake yanzu?"

Ya ce, "Baba, a gida an ce a rijiya ya faɗa, lokacin da kakan yake shayar da raƙuma."

Na ja hannun rigata na rufe damtsena. Na ce, "Kakanka namiji ne. Duk ƙasar Damargu ban ga mai riƙo irin nasa ba." Saurayin ya dubi abokansa yana washe baki.

Ban yi masa ƙarya ba, domin har yau kafaɗata ba ta manta da Ilu ba. Amma rijiyar nan ni ce, tana zaune kusa da saurayin har Tanut.

Jama'a, in nemo shi in nuna masa kambun, ko in bar masa kakansa a tsaye?