Korayen Tagogin Baba Tukur

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka je awo gidan Baba Tukur ba. Wata Asabar ce a watan Shawwal, a shekarun da aikin Hajji ya fara faɗowa cikin tsananin zafi. Ku da kuka shigo warsha, wato shagon aikinmu, daga baya kun sha yi mini tsiya, wai me ya sa in mun je aiki sai na tsaya a titi ina kallon gida kamar mai neman haya. To ku gyara zama, yau za ku ji dalili.

Warsharmu a lokacin tana unguwar Aziziyya, kuma tsarinta mai sauƙi ne. Akwai mudir, wato mai wurin, wani Balarabe mai saurin fushi da saurin sauka. Ƙarƙashinsa akwai Mu'allim Ɗahiru, shugaban aiki, Bahaushe ne haihuwar Sudan wanda ya girma a nan Makka. Sai mu masu awo da kafawa. Idan mutum yana son canza tagogin gidansa, mu je mu auna, mu nuna masa samfur, ya zaɓa, mudir ya amince, sannan a haɗa a kafa.

Tagogi iri biyu muke nuna wa mutane. Akwai ta roba, wadda kamfani ke kira finil. Fara ce tas, tana tare zafi da ƙura, ba ta tsatsa, ba ta da tsada, kuma kayanta na nan jibge a warsha. Akwai kuma ta faiba, wato zaren gilashi da aka cuɗa da ƙaro ya daskare, irin abin da ake yin tankin ruwan saman gida da shi. Ita ta fi ƙarfi, rana ba ta lanƙwasa ta, tana kuma karɓar fenti kamar katako. Matsalarta tsada, ga shi sai an yi odarta daga Jidda an jira. Ni kuwa tun da na baro Kano ban iya jira ba, don haka kowa na samu roba nake tallata masa, har abokan aiki suka naɗa ni Sarkin Roba. Ban ƙi sarautar ba.

Wanda ya kira mu sunansa Faisal, ɗan Baba Tukur, malamin makaranta ne haihuwar Makka, Hausarsa rabi Larabci. Rusau ya ci layinsu a Nakkasa, sai ya samu wani tsohon gida mai bene a bayan Aziziyya ya dawo da iyalinsa da mahaifinsa. Tagogin gidan tsofaffin alminiyam ne, da rana ba a iya taɓa su, na'urar sanyaya ɗaki kuwa wahalar banza take yi. Kafin mu gama shan shayi na riga na sayar masa da roba.

"Ɗayyib, farar ta yi," in ji shi. "Ni dai a gama kafin alhazai su cika gari."

Na hau sama ina auna tagogi biyu masu kallon titi, daidai lokacin da aka sallame azahar. Sai na hango wani tsoho dogo, cikin farar jallabiya, yana tafe a hankali da sanda. Abin da ya ja hankalina shi ne kansa a ɗage yake, yana bin saman gidaje da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya zo daidai gidan, ya dube ni ido cikin ido, ya wuce abinsa. Can sai na ga Faisal ya fita a guje ba takalmi, ya kamo hannunsa ya dawo da shi.

Da na sauko na tarar da tsohon zaune yana gaisa da Mu'allim cikin ladabi irin na baƙo. Ya ce mana, "Ku yi haƙuri, zan ɗan huta a nan ne in wuce gida." Faisal ya ja mu gefe, idonsa ya yi ja.

"Abuya ke nan, mahaifina," ya ce. "Tsufa ya rikita shi. Masallaci yana ganewa, don kiran salla yake bi. Dawowa ce mushkila. An sha tsinto shi. Na ƙarshe wani direban bas ne ya gan shi a hanyar Muzdalifa, ƙafa duk ta kumbura. Mun zauna da 'yan'uwana, mun ce halas, shi ke nan, kafin Hajji za a sa wa ƙofa makulli, ya riƙa salla a ɗaki." Ya ƙara da cewa, "Mutumin da tun ina yaro ban ga ya rasa jam'i ba. Wallahi in na kulle shi, na san na kashe shi."

Na ce ai da sauƙi, a yi wa ƙofar gidan wata alama mana. Faisal ya nuna mini ƙofar da hannu. Ashe ya riga ya yi mata jan fenti, ya kuma manna sunan tsohon da manyan haruffa, duk a banza. Ni kuma, don kada in zauna shiru, sai na ce ai baban ba ya kallon ƙofa, sama yake kallo, ni ma ta taga muka haɗa ido.

Mu'allim Ɗahiru ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ustaz Faisal, tagogin gidanku na Nakkasa wane launi ne?"

"Koraye," in ji Faisal. Sai ya dafe kai. "La ilaha illallah. Koraye ne. Kowace shekara kafin azumi shi yake musu fenti da hannunsa."

Bari in yi wa waɗanda ba su san Nakkasa ba bayani. Unguwa ce a jikin dutse, gida kan gida, lunguna kamar hanji, babu sunan layi balle lamba. Mai dawowa gida daga ƙasa yake hawowa, kuma ba ya ganin ƙofarsa sai ya zo dab da ita. Abin da yake hangowa tun daga gindin dutse shi ne tagar sama. Shi ya sa kowane mai gida yake yi wa tagarsa launinsa, da shi ake kwatance, da shi yara ke gane gida, da shi mai gida ke saita ƙafarsa. Mu'allim a can ya girma, Faisal ma haka, sai dai abin da mutum ya tashi a cikinsa ba ya ganinsa. Ni ne dai a saman bene ranar, amma Mu'allim ne ya hango.

Nan fa sarautata ta shiga uku. Na ce to a kafa robar a yi mata koren fenti. Mu'allim ya harare ni, don ya san na san amsar. Roba ba ta riƙe fenti, in ma ta riƙe, launi mai duhu zafi yake sha, kuma bangon nan yamma yake kallo. Ranar Makka za ta dafa ta har ta lanƙwashe ta ƙi rufuwa. Wadda kamfani ke rinawa kuwa ruwan ƙasa ce da ruwan toka, babu kore. Katako zai tsage, ga shi babu kafintan da zai kula mu a irin wannan lokaci. Saura faiba.

Muka tsayar da shawara: duk gidan a sa roba, tagogi biyun sama masu kallon titi a sa faiba. Mu'allim bai yi wa Faisal alkawari ba. Ya ce masa, "Ban ce zai gane ba. Amma a gwada taga kafin a gwada makulli."

Saura mudir. Da muka kai masa maganar sai da ya miƙe tsaye.

"Tagogi biyu? Saboda tagogi biyu zan ɓata oda, in tayar da mota har Jidda, ana dab da hana motocin kaya shiga gari? Kun haukace?"

Mu'allim bai yi gardama ba. Ya ba shi labarin tsohon a taƙaice. Mudir ya daɗe yana kaɗa tasbaha yana kallon bango. Daga nan ya ɗauki waya, muka ji yana ta ihu da mutanen Jidda, yana haɗa su da Allah da Annabi su sa odar a gaba. Da ya ajiye ya nuna ni da yatsa.

"Kai, Sarkin Roba, kai za ka je ka ɗauko. Kuma ku ce wa tsohon ya sa ni a addu'a."

Jiran ya yi tsawo, ko kuma ni ne na ga tsawonsa. Muka kafa robar a sauran ɗakuna, Zulƙida ta yi nisa, motocin alhazai suka fara shigowa Aziziyya. Faisal ya riga ya sayo makullin, na gan shi ajiye a kan firji cikin ledarsa. Da saƙo ya zo cewa kaya sun kammala, ban tsaya karin kumallo ba na kama hanyar Jidda da ƙaramar motar warsha. Na dawo da su nannaɗe da bargo, ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ba mu kafa su nan da nan ba. Mun kwantar da su a tsakar gida a kan benci, na buɗe gwangwanin koren fenti da na sayo. Baba Tukur yana zaune a inuwa yana kallonmu. Ina tsoma buroshi sai na ji murya a bayana.

"Kai ɗan nan, wa ya koya maka fenti? Wannan ai koren asibiti ne."

Ya taso ya karɓe gwangwanin. Ya ce a kawo rawaya, aka kawo. Ya ce a kawo baƙi kaɗan, aka kawo. Ya riƙa zubawa yana juyawa da tsinke, yana ɗigawa a farcensa yana dubawa a rana. Mutumin da ɗazu ya tambayi ɗansa ko shi wane ne, hannunsa ko rawa bai yi ba. Launin ya fito kamar ɗanyen ganyen lalle. Faisal ya juya baya yana share ido da gefen hiraminsa na Larabawa. Tsohon ya yi fentin da kansa, yana yi yana yi mini faɗa a kan riƙon buroshi, ni kuwa ina ta "to Baba, na gode Baba." Rabon da a yi mini faɗa mai daɗi haka tun mahaifina yana raye.

Da fentin ya bushe muka kafa. Washegari da la'asar muka bar shi ya tafi masallaci shi kaɗai kamar yadda ya saba. Ni da Mu'allim da Faisal muka laɓe a bayan wata motar bas, manyan mutane da gemu, kamar ɓarayin kaji. Titin cike yake da alhazai, kowa da jakarsa da lemarsa. Aka sallame. Can sai ga farar jallabiya ta ɓullo, kai a ɗage, sanda tana ƙwanƙwasa kwalta.

Ya wuce gidan farko, ya wuce na biyu. Ya zo daidai gidan bai rage tafiya ba, har ya gota ƙofar. Faisal ya yunƙura zai bi shi, Mu'allim ya riƙe masa hannu. Sai tsohon ya tsaya. Ya waiwayo, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya juyo a hankali, ya zo ya tura ƙofa ya shiga.

Muka bi shi ciki. Muka tarar ya cire takalmi ya jingine sanda, yana neman buta. Da ya ga ɗansa sai ya ce, "Faisal, ina kuka shige? Ai na gaya muku gidan nan bai je ko'ina ba." Ya dube ni da Mu'allim. "Ka kawo wa baƙi shayi mana."

Ban ji kunya ba, kuka na yi.

Ba zan ce muku taga ta warkar da shi ba, tsufa ba ya jin fenti. A ranakun cunkoso Faisal yana binsa daga nesa, daga baya kuma ƙafa ta gaza, aka koma tura shi a keke. Amma makullin nan bai taɓa fita daga ledarsa ba, kuma har Allah ya karɓi abinsa Baba Tukur yana sahun jam'i. Na isar da saƙon mudir, tsohon ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo ba tare da ya san ko wane ne ba. Har gobe ina gode wa mutanen nan uku: Mu'allim da ya yi tambayar da ban yi ba, mudir da ya yi ihunsa ya kuma yi alheri, da tsohon da ya koya mini haɗa kore.

Kada wani ya fita ya ce na kushe roba. Har yau ita na fi sayarwa, kuma a yawancin gidaje ita ce daidai. Faiba ma tana da wurinta, bangon da rana ke duka da tagar da ake son yi wa fenti. Wannan duk za ku koya cikin wata guda. Abin da ya fi wuya shi ne ku tuna cewa mu daga ciki muke auna taga, masu gida kuwa daga waje suke fara ganinta. Shi ya sa kafin in ciro abin awo nake tsayawa a titi in ɗaga kai, in tambayi kaina wa zai dawo gidan nan da yamma, kuma me zai nema a sama.