Yatsan Hagu na Iya Lami

Ranar wata Litinin ce cikin marka, shekarar da nake aji huɗu, aka tashe mu daga makaranta da hantsi saboda ruwa ya cika azuzuwa. Maimakon in wuce gida in ɗauki tallan dafaffiyar masara, sai na bi ta bayan ƙaramin asibitin ƙauyenmu na ƙasar Faskari, inda Inna take aikin shara. A gindin darbejiya na hango mata biyar zaune a kan benci, tsintsiyoyinsu a jingine, Inna kuwa tana tsaye da takarda a hannu tana magana. Na tsaya cak. Matar da ko akuya ce ta sa kai a kwaryar tsaki sai dai ta kore ta da gefen zane, ga ta yau muryarta na kaiwa har bakin rijiya.

Gaskiya a lokacin kunyar aikin Inna nake ji. Muna 'yar carafke a filin makaranta, da na ci wasa sai wata ta ce, "Ɗiyar mai kwasar ƙazanta," in zubar da duwatsun in tafi. Ban san me ake ciki ba sai da yamma muna surfe, na ji tana gaya wa Baba. Wani Malam Iro na ƙungiyar ma'aikatan lafiya ya zo daga Faskari a kan babur, ya ce masu shara ma suna da damar shiga, kuma in suka sa suna, ƙungiya za ta tsaya musu. Ita Inna ba ta karatun boko, amma ita ta karɓi takardar. Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya, wata a wurin niƙa, wata a gidan suna, har huɗu suka dangwala yatsa.

Saura Iya Lami, alhali saboda ita aka fara maganar. Tsohuwa ce Bamagujiya daga wata unguwa bayan dutse, ta fi kowa daɗewa a aikin, ga jikoki uku marayu da take riƙo. Allurar da aka yar cikin shara ta soke ta a babban yatsan dama, don ba a ba su safar hannu, hannun ya kumbura ya ƙi riƙe tsintsiya. Mai kula da asibitin ya ce in wata ya ƙare ba ta iya share ɗakunanta ba, to ta huta a gida. Amma da ta ji Malam Iro ya ce "yuniyan", sai ta kafe. A saninta 'yan yuniyan su ne ƙartin tashar Ƙanƙara masu fizgar kayan mutane ran kasuwa. "Ni kau mi ya haɗa ni da 'yan tasha? Da tsuhwana in tahi ina kiran mota? Hajara, ki bar ni," in ji ta. Matan suka yi dariya har da riƙe ciki, ita ko ta ɗaure fuska.

Inna ba ta sake yi mata zancen takarda ba. Washegari tana sallame sallar asuba ta fita, ta share ɗakin haihuwa da barandar Iya Lami, sannan ta koma nata. Rana ta biyu wata ta karɓa, ta uku wata, har abin ya zama kamar gayyar noma. Inna tana dawowa bayanta a sage, ta sunkuya wajen murhu da ƙyar, ni na ɗauki ɗebo ruwa da kai wa tumaki harawa. Na taɓa yin ƙunƙuni, ta ce mini, "Hannun Iya ne ke ciwo, ba namu ba."

Ranar Asabar ta biyu na kai wa Inna koko, na tarar da Iya Lami tsaye a barandarta, tana kallon siminti fes. Sai ta juyo ta ce wa Inna, "Hajara, wai wanga abu da kuke yi shi ne yuniyan ɗin?" Inna ta ce, "Shi ne, Iya. Takardar dai suna ce kawai." Tsohuwar ta dubi hannunta na dama a naɗe da bandeji, ta miƙo na hagu. Aka buɗe gwangwanin tawada, ta danna yatsa da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa. Ban taɓa ganin mutum ya yi mini kwarjini kamar Inna a safiyar nan ba, da ɗankwalinta mai ƙura.

Cikin satin Malam Iro ya dawo, ya shiga ofishin mai kula da asibitin da takardar, matan shida na biye da shi. Ba a sallami Iya Lami ba, kuma kafin kaka aka kawo safar hannu. Daga nan duk wadda ta ce mini ɗiyar mai shara, cewa nake, "Ni ce."

Yanzu ni ma'aikaciyar jinya ce a garin Sabuwa, ni ke yawo da takardar ƙungiya a jaka. Inna ta rasu, yawancin mutanen ƙauyenmu sun watse saboda rashin kwanciyar hankali, darbejiyar ce kawai aka ce tana nan. Kwanan baya na zaunar da wata sabuwar ma'aikaciya na yi mata bayani tiryan-tiryan, ta saurara tana latsa waya, ta ce, "Anti, to ni me zan samu?" Na dawo gida raina a ɓace, sai barandar nan ta faɗo mini a rai. Na san ɗan sabuwar ma'aikaciyar nan na kwance ba lafiya, amma ko sau ɗaya ban karɓar mata aiki ba. Na iya karanta takardar da Inna ba ta iya ba, sai dai har yau ban iya shara irin tata ba.