Tsakiyar Hoto

Mai ɗaukar hoto ya gane shi tun daga ƙofa: mawaƙin nan ne mai siririn gemu, na ƙungiyar su huɗu da ta yi tashe. Yau shi kaɗai ne, rigarsa sabuwa fil, takalmin kuwa ya sha yawo. Hoton fastar waƙarsa ta ƙashin kansa yake so.

Yana tsayawa gaban kyamara, sai ya raɓe can gefe, kamar mai ba wasu wuri.

"Maigida, matso tsakiya. Wa kake jira?"

Ya waiga, ya ga wayam, ya yi dariya.

"Shekara tara nan ne wurina."

Ya matso yana murmushi. Sai dai hannunsa har yanzu yana laluben kafaɗar da zai dafa.