Batir a Saman Gadon Inna

Ku da kuka shigo aikin sola kwanan nan kuna cewa na cika jaraba da shinshina garin bango. Har gobe ban manta da ranar da na koyi wannan jarabar ba, a Gubuchi, cikin damina, ranar kasuwar Makarfi.

Lokacin ina mataimaki, ban kai a ba ni aiki ni kaɗai ba, amma Oga Sale yana Ikara, sai ya tura ni. Wani ɗan kasuwa ne ya saya wa mahaifiyarsa sola don ta samu fanka. Inna tana kwance da karaya a ƙugu, mai ɗori ya ce ko taku ɗaya kada a gusa da ita. Ɗakin ƙarami ne, ruwa yana shiga ta ƙasa, kuma babu inda ya rage a bango sai saman gadonta. Batirin irin wanda ake ratayawa ne a jikin ƙarfen da ake kafewa a bango, nauyinsa ya kai buhun siminti.

Ƙa'idar Oga ita ce ka dubi garin da injin huda ya fitar. In toka-toka ne, bulo ne, fisha ta isa, wato robar da ake cusawa a rami ta riƙe kusa. In ja ne, ginin ƙasa ne aka yi wa shafe, dole ka huda har waje, ka zura dogon ƙarfe mai zare, ka ɗaure da farantin ƙarfe da noti ta baya.

Na huda, gari ya fito jawur. Na gani da idona. Amma bayan bangon nan cikin gidan maƙwabci ne, maigidan ya tafi kasuwa, kuma namiji ba ya shiga. Sai na yi wa kaina wayo, na sa dogayen fisha. Wasu mutum biyu suka kama mini muka rataya, suka hau babur suka wuce kasuwa.

Ina kan benci ina ɗaura waya, sai na ji Inna ta ce, "Ɗan nan, ƙasa ce ke zubo mini a fuska."

Na duba sama. Shafen ya tsage, kusoshin sama biyu sun fara fitowa. Na sa kafaɗa na tare batirin. Ba zan iya sauke shi ni kaɗai ba, in kuwa na saki, kanta zai sauka.

Na ƙwala wa 'yarta kira. "Yaya Asabe! Kawo taɓarya, maza!"

Ta kafa taɓaryar tsakanin gado da bango, ta tokare gindin batirin. Nauyin ya ragu kaɗan, amma ƙasa ba ta daina zuba ba. Na ce ta nemo maza. Ta ce, "Wane maza? Duk suna kasuwa."

Sai muka ji murya ta bayan bango. Hinde ce, matar maƙwabcin. "Malam, lafiya? Bangona na ga yana motsi."

Na gaya mata gaskiya, har da laifina. Na ce sai an huda zuwa ɗakinta, ga shi maigidanta ba ya nan.

Ta ce, "Huda. Ni zan yi masa bayani. Amma ba za ka shigo ba, ka faɗa mini abin da zan yi."

Asabe ta miƙo mini injin da dogon baki. Da hannu ɗaya na huda ta ramukan da suka rage a ƙarfen ratayar, kafaɗata tana ƙarƙashin batir, gumi yana shiga mini ido. Duk girgizar da injin ya yi, sai tsagar ta ƙara buɗewa. Inna ta rufe ido tana salati a hankali. Na zura dogayen ƙarafa masu zare guda biyu, Asabe ta zaga ta kai wa Hinde faranti da noti da sifana.

"Ta wane ɓangare zan juya?" in ji Hinde.

"Dama, Malama. Kamar kina rufe murfin jarka."

Na ji ƙarfen yana ja, batirin yana komawa jikin bango kaɗan-kaɗan. Da na janye kafaɗa bai motsa ba. Na sauko daga benci, na zauna a ƙasa.

Inna ta kakkaɓe mayafinta ta ce, "Ka ga jan garin nan tun farko, ko?"

Na ce na gani, Inna.

"To, da ka yi sallama ka tambaya."

Ita ce maganar da Oga ma ya yi mini, sai dai tasa da zagi. Na ɗauka ƙofar a rufe take, alhali ko ƙwanƙwasawa ban yi ba, kuma kunyar tambaya ta kusa sa na kashe tsohuwa. Shi ya sa yanzu, in gari ya fito ja, nake ajiye injin in zaga bayan gida in yi sallama tukuna.