Gorubar Sha'ibu Baduku

A Birni babu wanda bai san Sha'ibu baduku ba, amma ba jakunkunansa suka yi masa suna ba, minsharinsa ne. Mutum ne mai wuya kamar na bijimi. Dukanci ya gada wajen ubansa, tumbi kuwa tuwon matarsa Lubabatu ne ya ba shi. Da rana tsaka sai ka same shi a rumfa, basilla a hannu, baki buɗe, yana sharar barci. An taɓa tashinsa a masallacin Juma'a bayan kowa ya watse.

Duk wannan bai dame shi ba, sai ranar da Lubabatu ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin 'ya'ya. Tun aurensu ba su taɓa raba ɗaki ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ga shi ba maganar da zai kai majalisa ba ce. Ya sha rubutu, ya sayo mata atamfa. Ta karɓa ta yi godiya, ba ta dawo ba. Da ya matsa mata, sai ta ce, "Malam, ka je asibiti."

A asibiti, lokotoro, wato likita, ya leƙa maƙogwaronsa ya ce, "Idan ka kwanta rigingine, naman nan yana toshe hanyar iska. Numfashinka ya tsaya, jikinka ya firgita, kai ba ka sani ba. Shi ya sa barci ba ya isarka, zuciyarka kuma tana wahala." Ya ce akwai na'ura mai hura iska a hanci, amma da kuran, wato wutar lantarki, take aiki. Sha'ibu ya yi dariya, don a unguwarsu kuran baƙo ne.

Lokotoro ya ce, "To ka rage tumbi, ka riƙa kwanciya a kan kuiɓi."

Tumbi dai ya ce ba inda za shi. Sai Sha'ibu ya ɗauki ƙwallon goruba, ya ɗinke shi cikin jar fata, ya sa masa maɗauri, ya ɗaura a tsakiyar bayansa. Da ya juya rigingine, goruba ta tuna masa.

Matan unguwa suka hango abin a kan igiyar shanya, suka ce layar minshari ce. Sai ga aike, kowace tana son irinta don maigidanta. Sha'ibu bai musa ba. Ya riƙa ɗinkawa yana gargaɗi da murya irin ta malamai: "A baya ake ɗaura ta. Idan ta ƙi ci, a kai shi asibiti."

Wata rana ya farka daga barcin azahar, sai ga tabarmar Lubabatu a wurinta na da, ita kuma tana zaune tana tsince wake.

Ya ce, "Ƙarar ta ragu ke nan?"

"Wace ƙara? Malam, ni da ƙararka nake barci tun ina amarya. Shirun ne ya kore ni. Na gaji da zama ina jira in ga ko za ka ja numfashi, ko in fita in kira mutane."

 Sha'ibu ya kai hannu baya, ya ƙara tamke maɗaurin.