Mun Tare Onarabul a Gaban Sikeli

Da asubar fari muka tashi daga gida, ni da kawuna, ko koko ba mu tsaya sha ba don kada motar Kano ta bar mu. Umara za mu, 'yata ce ta biya mana mu biyu, Allah ya yi mata albarka. Amma in gaya muku gaskiya, ba ibada kaɗai na ɗauko ba. A ƙasan jakata, cikin leda biyu, akwai takarda shafi huɗu da mutanen garinmu suka dangwala wa yatsa.

Garinmu a bakin daji yake. Bara aka zo aka tattara bindigogin toka na mafarautanmu, aka ce ba su da lasisi, alhali su ne ke raka manoma gonakin nesa. Masu fitowa daga daji kuwa babu wanda ya tattara nasu. Mutane sun gaji, gidaje da yawa sun yanke cewa idan damina ta faɗi ba a ji komai ba, kwashewa za su yi su koma birni. Maƙwabcina ma har ya fara kwance kwanon rufin ɗakinsa ranar da za mu taso. Da yake ni tsohon malamin firamare ne, ni aka sa na rubuta wa ɗan majalisarmu. Abu biyu muka roƙa: a yi wa bindigogin mafarauta rajista da sunan kowa a mayar musu, sannan ya tsaya a majalisa a sa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla kan cinikin makamai ta yi aiki a ƙasarmu. Mun ji wani kwamitin majalisa zai saurari jama'a kan dokar bindiga, muna so a kira mu. Sau uku ina kai takarda ofishinsa, ko tari ba mu ji ba.

Kawu tsohon mafarauci ne, kuma bindigar da aka karɓe masa ta kakansa ce. Shi roƙon farko kawai ya sani. Na biyun kuwa, tun a mota yake ce mini turancin malamai ne, na saka ne don takarda ta yi tsawo.

A filin jirgin Kano na'ura ta yi ta kuka a kansa, sai da aka lalubo wani ƙarfe da ya ɗaure a damtse tun ina yaro. Ya cire yana ƙunƙuni, wai sau biyu ke nan ana kwance masa ɗamara cikin shekara ɗaya. A cikin jirgi kuwa mutumin da ya kwana da kura a daji ya riƙe hannun kujera gam, bai saki ba sai da aka kawo abinci. Na so in yi dariya, na tuna kawu ne.

Jidda ta tarbe mu da wani zafi mai danshi, irin wanda ke manna wa mutum harami a baya. Ba mu tsaya ba, Makka muka wuce. Abin da na ji da na ga Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba, na dai yi kuka, kuma na ga Kawu yana share ido da gefen haraminsa. Bayan mun kammala ibada muka dawo Jidda, da sauran kwana huɗu kafin jirginmu.

A unguwar Mahjar muka sauka, gidan wani ɗan'uwa da ban taɓa gani ba sai a waya. Kakansa yayan baban Kawu ne, ya zo hajji a ƙasa tun zamanin da, bai koma ba. Shi mai masaukin namu a Jidda aka haife shi, Hausarsa tana tafiya tana tsayawa shan ruwa a Larabci. Da safe ya kawo mana ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi, duka bai wuce 'yan riyal ba. Ni dai na daina lissafa riyal da naira tun rana ta biyu, domin na lura abinci ba ya wuce mini idan na yi. Kawu ya ci ya ƙoshi, sannan ya ce waken ba laifi, amma an cuce shi da ba a sa masa yaji ba.

Abin da ya fi ɗaure wa Kawu kai shi ne lokacin salla. Mai shago zai ja wani ƙyalle ya rufe kayansa ya tafi masallaci, ba ƙofa ba kwaɗo. Kawu yana da ɗabi'ar duban ƙugun mutum kafin fuskarsa. Ya yi yini biyu yana duba, bai ga ko wuƙar yankan farce ba. Daga baya ya ce mini haka garinmu yake sa'ad da yake saurayi.

A unguwar Ammariyya, wajen wata Hajiya mai tuwon shinkafa da miyar kuka, muka ji labarin da ya tayar mini da hankali. Tana zuba mana miya take faɗa cewa jiya ta aika wa wani Onarabul kula uku zuwa otel, ta ambaci sunan mazaɓarmu. Na ajiye lomar da ke hannuna. Mutumin da na yi wata bakwai ina nema a gida, ashe muna shan ruwan gari ɗaya.

Da la'asar muka sa manyan riguna muka nufi otel ɗin, can wajen bakin teku. Hanyar kanta abin kallo ce, titi shimfiɗe, ga dabino jere, ga teku shuɗi har inda ido ya ƙare. Amma a ƙasan otel muka tarar da abin da muka baro a gida, wato hadimi mai waya biyu. Ya gaishe mu da ladabi, ya ce Onarabul yana hutawa, mu bar takardar zai gani. Na ƙi. Uku na bari a baya, ban san inda suka kwana ba. Muka zauna a kujerun nan masu laushi har aka kira magariba, sanyin na'ura ya kama wa Kawu gwiwa, muka tashi. A hanyar komawa raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara tsara abin da zan gaya wa mutanen gari.

Da muka ba mai masaukinmu labari sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Halas, ya ammi, kar ka damu," ya ce wa Kawu. "Ku kuna neman babba a funduƙ, a otel? Babba a gaban sikeli ake samunsa. Bukra, gobe da safe, yalla, ku biyo ni wajen aiki."

Ashe shekara ashirin yana aiki a wani siton aika kaya a Khumra, a hannun kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Onarabul ya sayi dabinon da zai raba da azumi, kwalaye suna can, kuma da kansa zai zo a auna. Mai masaukin ya ce ya ga manya iri-iri, amma bai taɓa ganin Bahaushen da ya yarda wani ya tsaya masa a kan tsarabarsa ba.

Khumra tana kudu, bayan gari, babu komai sai manyan motoci da sito-sito da garejin gyara. A nasu siton akwai Hausawan Sudan biyu, sai gaisuwa ta yi tsawo. Muna jira na zauna ina kallon aikin. Kowane kwali sai an buɗe shi, a rubuta abin da ke ciki, a auna, a rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa da lambar waya, a haɗa da hoton fasfo. Wata mata ta kawo tsarabar jikoki, aka zaro wata bindigar roba daga cikin darduma aka ce wannan ba za ta bi jirgi ba. Ta yi magiya, ma'aikatan suka ce ba za su jefa kansu a matsala ba.

Kawu ya karɓi bindigar robar ya jujjuya ta, ya tambayi mai masaukinmu ko da gaske kowane kwali sai an san mai shi. Aka ce masa ko casbi ne. Sai na matso na ce, "Kawu, turancin malaman nan da kake faɗa, shi ne wannan. Yarjejeniyar cewa take yi duk akwatin makami da zai bar wata ƙasa a san wanda ya aika, a san wanda zai karɓa, kuma in ya ɓace a hanya a san wanda za a tambaya." Ya dube ni, ya dubi kwalayen. Na san shi, in ya yi irin wannan kallon to magana ta shiga.

Wajen ƙarfe goma sai ga Onarabul, da jallabiya da silifa, ba jiniya ba 'yan rakiya, sai hadimin jiya. Mai masaukinmu ya ce hoton fasfon bai fito sosai ba, ya tura hadimin can ƙarshen layi ya sake bugowa. Sannan ya jawo wa Onarabul kujerar roba, ya fara buɗe kwalayen dabino ɗaya bayan ɗaya, da wata irin natsuwa da ban ga ya yi wa kayan kowa ba.

Muka yi sallama, na faɗi sunan garinmu. Onarabul ya washe baki ya gaishe mu, hannunsa ya nufi aljihu. Kawu ya ɗaga masa tafi.

"Ɗana, mayar da hannunka. Kunnenka muka zo nema."

Gaskiya ya ji kunya, kuma ya gyara zama. Na buɗe takarda na karanta masa tun daga bisimilla, sikeli na ƙara a gefe. Da na gama bai yi mana daɗin baki ba. Ya ce shi ba shi da ikon mayar da bindiga, kuma a wasu garuruwan 'yan sintiri sun yi ɓarna da nasu, shi ya sa ake tsoron buɗe ƙofar. Na ce gaskiya ne, mu ma mun ji, shi ya sa muka ce a yi rajista da suna. A nan Kawu ya ɗago bindigar robar nan.

"Wannan ta wasan yara ce, an hana ta shiga jirgi. Dabinonka ga shi, an san kai ka aika, an san wanda zai karɓa. Tawa bindigar duk gari an san ta, in ta yi laifi ƙofata za a buga. To waɗanda ake kashe mu da su, wa ya aiko su? A wane sikeli aka auna su?"

Ni da na rubuta shafi huɗu ban iya faɗin haka ba. Onarabul ya sunkuyar da kai. Can ya tambaya ko Mati yana nan, wani dogon mafarauci da ya taɓa raka motarsa ta ratsa dajinmu lokacin yawon neman ƙuri'a. Kawu ya gaya masa an kashe Mati bara a gonarsa, da fartanya a hannu, wata biyu bayan an karɓe bindigarsa. Na buɗe shafi na uku na nuna masa inda matar Mati ta dangwala yatsa.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya zaro waya ya ɗauki hoton shafukan huɗu, ya tura wa sakataren kwamitin muna tsaye, ya kira shi ya ce a sa sunan garinmu cikin waɗanda za a saurara. Ya ari alƙalamin da ake rubutu a jikin kwali, ya dafa kwafina a kan dabinonsa ya sa hannu. Ya ce bai yi alkawarin yadda za ta kaya ba, amma za mu yi magana da bakinmu, kuma Kawu ya zo ya maimaita zancen sikelin nan yadda ya faɗe shi. Ko da hadimi ya dawo da hoton fasfo, ya tarar Onarabul na cika wa Kawu aljihu da dabino, wannan karon Kawu bai hana ba.

Sauran kwana biyun mun yi su cikin sakin jiki. Mun zaga tsohon gari mai gidajen nan masu tagogin katako, mun sayi turare da darduma, Kawu ya taɓa ruwan teku ya ɗanɗana ya ce ɓarnar gishiri ce kawai. Da za mu rabu da mai masaukinmu ya rungume Kawu yana cewa a gaida gida, gidan da bai taɓa gani ba. Ya ce in iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta daidaita zai zo ya ga dajin kakansa.

Mun sauka Kano lafiya, muka iso gari da azahar. Kafin in cire takalmi tsakar gida ta cika. Babu wanda ya tambayi zamzam da farko, tambaya ɗaya ce a bakin kowa, ya karanta? Na ce ni na karanta masa, a kunnensa, na ɗaga takardar suka ga sa hannun da baƙin alƙalami. Matar Mati ta karɓa ta riƙe, ba ta iya karatu ba, amma ta daɗe kafin ta miƙo mini.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa. Na gane ɗan majalisa mutum ne, yana jin kunya kuma yana tuna mutane, sai dai a nemo inda zai zauna ya saurara. Na kuma gane cewa mai son a mayar masa da bindigarsa da mai son a toshe hanyar makamai ba abokan gaba ba ne, a garinmu ma mutum ɗaya ne, kawuna.

Bindigogi dai har yau ba su dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Amma ana azumi da kwana shida aka kira ni a waya aka ba mu ranar zuwa gaban kwamiti, mutum uku, kuma Kawu har ya kai rigarsa wanki. Washegari da hantsi na ji ƙarar guduma daga gidan maƙwabcina, na ɗauka sauran kwanon yake kwancewa. Na leƙa ta katanga, na gan shi a saman ɗaki da ƙusa a baki, yana mayar da kwanon da ya kwance.