Wata Huɗun Da Suka Hana Ni Aikin Zaɓe

Shekarun baya, lokacin mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, Kano kuma ko'ina maganar Shari'a ake yi, ina ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata. Mahaifina direba ne a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA, mu kuma muna zaune a ɗakuna biyu da ke bayan gidan. A lokacin ina ji da kaina sosai. Na haddace littafin darasin gwamnati, don haka gani nake ƙasar nan ni kaɗai take jira.

Wata rana malamarmu ta shigo aji da sanarwa. Ana neman ma'aikatan wucin gadi na zaɓen ƙananan hukumomi, musamman mata, saboda layin mata daban ne, kuma da yawansu ba sa son namiji ya riƙe musu yatsa ya shafa tawada. Ta ce 'yan ajin ƙarshe za su iya nema, amma da sharaɗi: a cika shekara sha takwas kafin ranar zaɓe, kada a kasance cikin wata jam'iyya, a kawo takardar shugabar makaranta da shaidar haihuwa. Tun kafin ta gama na ɗaga hannu.

Matsalar ita ce a ƙauyenmu na Jigawa aka haife ni, a ɗakin kakata, babu wata takarda. Da na tambayi mahaifiyata shekaruna sai ta ce, "Kin girma mana. Da damina aka haife ki."

Mahaifina ne ya tuna cewa kakana, wanda malami ne, yana rubuta ranar haihuwar kowane jika da ajami a bangon wani littafinsa. Na dame shi kwana uku, har ya nemi izinin kwana ɗaya a wurin aiki muka hau motar haya. Kakana ya ɗauko littafin daga cikin gafaka, ya bi layi da yatsa har ya zo kan sunana. Ga rana, ga wata, ga shekarar Hijira. Muka ƙirga tare. Na cika sha takwas wata biyu da suka wuce. A mota da muke dawowa har tsara yadda zan tsaya a gaban akwatin ƙuri'a nake yi.

Washegari na kai wa malamarmu abin da na kwafo. Ta ɗauko kalanda mai lissafi biyu, ta yi ta rubutu a gefen takarda, sannan ta cire tabarau.

"'Yata, shekarar Musulunci ta fi ta Boko gajarta da kwana goma sha ɗaya. A lissafin kakanki kin cika. A lissafin da masu zaɓe ke bi, saura wata huɗu."

Na ce ta sake ƙirgawa. Ta sake. Wata huɗun suna nan.

Ban haƙura ba. Wata ƙawata ta ce abin mai sauƙi ne, a je a yi takardar rantsuwar shekaru, a rubuta ranar da ake so, kowa haka yake yi. Shi ma Alhaji da labarin ya kai kunnensa ya kira ni falo ya ce, "Ke 'yar gidan nan ce. In rubuta miki 'yar takarda ki kai, ba wanda zai tambaye ki shekaru." Na durƙusa na yi godiya, na ce zan yi shawara da Baba. Gaskiya a raina na riga na karɓa.

Na sami mahaifina yana wanke mota. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba, sannan ya ce, "Aikin me za ki yi a wurin?"

Na ce, "Tantance masu zaɓe, Baba. Wanda bai cancanta ba a mayar da shi."

"To idan yarinya ta zo miki saura mata wata huɗu fa?"

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, rabi don takaici, rabi don na san ya kama ni.

Da safe na koma wurin Alhaji da kaina na ce na gode, amma zan jira lokacina. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Taurin kan ubanki kika ɗauko."

Sai dai jira ba ya nufin zaman gida. Na roƙi malamarmu ta nema mini izinin zama a bayan ɗaki ranar horar da ma'aikata, aka yarda. Na cika littafi guda da rubutu, ni da ba a ɗauka ba. Ranar zaɓe kuma na tafi rumfar zaɓen da ke wata firamare a Giginyu, na tsaya a waje inda aka manna sunaye a bango. Mata da yawa ba sa iya karanta boko, sai su duba su rasa sunansu su juya. Na riƙa karɓar katinsu ina nemo musu lamba. Wata tsohuwa mai aikatau, da har ta kama hanyar gida, na samo sunanta a shafi na ƙarshe an rubuta shi a karkace. Da ta fito ta nuna mini yatsanta da tawada ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Har la'asar ina wurin, ba rigar ma'aikata, ba kati a wuya, ba ko kujera.

A babban zaɓen da ya biyo baya ina kwalejin ilimi, na nema aka ɗauke ni ba tare da takardar kowa ba. Tun daga nan na yi aikin sau da dama, har na shugabanci rumfa. An sha zuwa mini da magiya, an sha zuwa da tsawa, a bar wane ya jefa, ai yaron kirki ne, kaɗan ya rage masa. Ban taɓa jin nauyin cewa a'a ba, kuma ban taɓa faɗa da wulaƙanci ba, don na san zafin abin. Nakan dai ce wa yaron ya dawo zaɓe mai zuwa, in Allah ya kai mu zai same ni a nan.